Kuɗin Bindigar Baba

Ko akwai tsohuwar bindiga rataye a zauren gidanku? In akwai, matso kusa ka ji abin da ya same mu a kan tamu.

Ni mutumin wani ƙauye ne tsakanin Tibiri da Dogon Dutsi. Da babanmu ya rasu, Allah ya jiƙan shi, ya bar mana gona, da jaki, da bindigar toka guda, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda wasu ke kira harbi-ka-ruga. Mu huɗu ne magada. Gona ana auna ta da taki a raba. Jaki kowa ya san kuɗinsa a kasuwa. Bindiga fa? Malam ya ce ba a rabon gado sai an yi wa kowane abu kuɗi. Nan magana ta tsaya.

Wana ya ce bindigar nan ta kakan kakanmu ce, kuma ta je yaƙin Lugu. Ka san labarin. A 1899 ne sojojin Faransa na Kaftin Wule da Kaftin Shanuwan suka ratso Arewa suna ƙone garuruwa, Sarauniya da mutanenta suka tare su a Lugu. Wana ya ce bindigar da ta ga wannan rana ba ta kasa jikka 200. Wani dillali mai sayen kayan dā, yana kai wa Yamai, ya juya ta, ya taɓe baki, ya ce jikka 20. Saura kaɗan wana ya kore shi da sanda.

Ni kuwa na rasa na kamawa. Rumbuna ya yi ƙasa, damina na tafe, ina son kuɗin. Amma ba na son a cuce mu, ba na son kuma mu cuci ƙannenmu mata da kuɗin ƙarya. Sai na tafi wurin wani tsohon maƙeri, abokin babanmu, na roƙe shi ya zo gida ya duba.

Abin da ya fara yi ya ba ni tsoro. Ya juya bakinta wajen bango, ya zura ƙarfen ɗuri a hankali, ya riƙe wurin da ya tsaya, ya zaro ya gwada a waje. Ƙarfen bai kai gindi ba, saura kamar yatsa uku.

Ya ce, "Ɗana, bindigar nan a ɗure take."

Na ce, "Baba, ai ta fi shekara goma ba a taɓa ta ba."

Ya ce, "Albarushi ba ya tsufa in bai sha ruwa ba."

Shekara goma yaranmu na wasa ƙarƙashinta! Ya zuba ruwa ya jiƙa ɗurin, sannan ya ƙwaƙule shi. Kai ma kada ka leƙa bakin tsohuwar bindiga, kada ka ja kunamarta don wasa, sai wanda ya san aikin ya gwada ta haka.

Daga nan ya shiga duba bututun, don a nan kuɗin bindiga yake. Ya ɗaga shi ya ƙwanƙwasa da ɗan ƙarfe. Bututu mai lafiya ƙararsa na tashi garau, mai tsaga kuwa sai ka ji ta mutu. Ya shafa cikin baki da yatsa, ya nemi ramukan tsatsa. Tsatsar waje ba kome ba ce, ta ciki ita ke cinye ƙarfe har ran da zai fashe a hannun mai harbi. Ya duba kunama, ya duba ƙota ko gara ta shige ta. Waɗannan ana gyara su da arha.

Sai ya ce in duba kusa da gindin bututu, tun da ni ne mai karatu, ko zan ga rubutu. Ga dalili. Bindigogin da suka shigo ƙasar Hausa a dā, da yawansu a Turai aka ƙera su, musamman a Barminham ta Ingila da Liyej ta Baljiyam. Kafin a sayar da su sai an gwada ƙarfin bututun, a buga masa hatimi. Na Liyej baƙaƙe uku ne, E da L da G, tare da tauraro, cikin zobe mai siffar ƙwai. Na Barminham kambi ne da sanduna biyu a gicciye. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burusel, suka hana sayar wa mutanen yankinmu bindigogin zamani, sai masu ƙanƙara da albarushi. Shi ya sa irin waɗannan suka daɗe a hannun kakanninmu.

Na goge da tsumma mai mai, na duba, na sake dubawa a rana. Ba E, ba L, ba G. Maƙeri ya yi dariya, ya nuna mini wani ɗan rami da aka toshe, ya ce wannan bututu sandar sitiyarin mota ce, ya ga ire-irenta da yawa a maƙera. To, ɗan'uwa, a 1899 wace mota ta taɓa taka Arewa? Bindigarmu ba ta je Lugu ba. Kakanmu mai yiwuwa ya je, da kwari da baka, kamar yawancin mutanen da suka tsaya ranar.

Wana bai ji daɗi ba, ni ma haka. Labarin ya fi bindigar daɗin riƙo.

Maƙeri ya ce maharbi zai iya ba da jikka 12 zuwa 15, don tana harbi. Mai kayan dā kuwa tsufa yake saye. Da ta Turai ce, da ya ƙara sosai, muddin ba a darje ta da yashi ba, don wanda ya darje tsohon ƙarfe ya kankare hatimin da kuɗin tare. Ashe dillalin nan bai cuce mu ba, har ya ɗan yi ƙari.

Amma akwai abin da ya fi kuɗi nauyi. Bindiga ba akuya ba ce da za ka ja zuwa kasuwa. Riƙe ta sai da izinin hukuma, farauta kuma dokar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara ta. Ga shi a shekarun nan ɓarayin daji sun addabi ƙauyukan kan iyaka. In ka sayar wa baƙon da ba ka sani ba, aka kama ta a mugun hannu, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Ka fara zuwa wurin mai gari tukuna.

Haka muka yi. A gaban mai gari da malam aka yanke mata jikka 15, aka sa ta cikin rabona. Na sayar da akuyata, na ba wana da ƙannena nasu kason. Rumbun dai bai ƙaru da zangarniya ko ɗaya ba, matata kuma ta faɗa mini haka fiye da sau uku. Wana ya yi kasuwa biyu bai gaishe ni ba. Ran Salla ya shigo zaure, ya daga kai ya dube ta a bango, ya ce in riƙa shafa mata mai saboda damina.