Ko dawakin sun taɓa juna?

Ni mutumin karkarar Malbaza ne. Garinmu ba shi da nisa da Dogarawa. Tun ina yaro nake son doki. Kawuna yana da wani akawal, baƙi wuluk. Ni ke yanko mashi ciyawa, ni ke ba shi dusa da kanwa, ni ke kai shi rijiya. Idan ya ji muryata sai ya yi haniniya.

Wata shekara, kashegarin babbar salla, anka shirya sukuwa a bayan gari. Mahaya sun zo daga Ƙonni, wasu daga wajen Illela. Maigari ya sa rago ga dokin da ya zo na fari. Ni kuwa gajere ne, ba ni hangen komi cikin taro. Sai na hau wani gawo da ke daidai kwana, inda dawaki ke juyowa.

Anka saki dawaki. Ƙura ta tashi. Biyu ne sunka yi gaba: akawal namu da wani kili na mutanen Illela. Da sunka iso kwana, namu ya bar hanyarshi, ya faɗa gaban kili. Na ji ƙarar likkafa ta bugi likkafa. Kili ya yi tuntuɓe, saura kaɗan ya kai ƙasa. Kafin ya miƙe, namu ya ba shi rata. Shi ya ci.

Mahayin kili ya sauko ranshi ɓace. Ya ce: "An buge ni ga kwana!" Mutanenmu sunka ce ƙarya ne, dawakin ba su taɓa juna ba. Gardama ta yi zafi. Sai wani ya ce: "Ga yaro can bisa icce, shi ya fi kowa gani."

Anka kai ni gaban Maigari. Ya ce: "Yaro, mi ka gani?" Na dubi Kawu, Kawu ya dubi ƙasa. Na tuna da ciyawar da na yanka, na tuna da rago. Na ce: "Ranka shi daɗe, ƙura ta hana ni gani." Shi ke nan, anka miƙa wa Kawu igiyar rago.

Da anka yanka ragon, kowa na ci yana murna. Ni nama ya ƙi wuce mani wuya. Kawu ya lura. Ya cire cinya guda, ya naɗe ta. Ya ce: "Ɗana, ɗauki. Kai ka san masauƙin da za ka kai ta." Ashe shi ma ya sani. Na kai wa mai kili. Ya karɓa, ya dube ni, bai ce komi ba. Da ya zage ni, da ya fi mani sauƙi.

Shekaru sun wuce. Rannan ɗana ya nuna mani wata sukuwa cikin wayarshi. A Amurka anka yi ta, a birnin Luwisbil na jihar Kentaki. Sunanta Kentucky Derby. Tun shekarar 1875 ake yin ta ko wace shekara. Tsawon fagen ya kai kilomita 2.

Wadda na kalla ta ranar 4 ga watan Mayu ce, shekarar 2019. Dawaki 19 sunka shiga. An yi ruwa, fage duk taɓo. Wani doki mai suna Maximum Security shi ke gaba. Da sunka iso kwana ta ƙarshe, sai ya bar hanyarshi, ya faɗa gaban wani doki mai suna War of Will. Ƙafafunsu sunka shiga cikin juna. Dawakin da ke gefe su ma sunka takura. Maximum Security ya wuce, ya zo na fari.

Mahaya biyu sunka kai ƙara nan take. Can ba su da yaro bisa gawo, amma suna da na'urar ɗaukar hoto ta ko wane gefe. Alƙalai 3 sunka zauna, suna maida hoton baya, suna sake dubawa. Sun yi kamar minti 22. Dubban mutane na tsaye suna jira.

Abin da alƙalan sunka auna shi ne: wannan doki ya tare wa wasu hanya? Ya hana su gudunsu? Sunka ce i. Anka maida shi na 17. Anka ba dokin da ya zo na biyu, Country House, nasara. Wannan shi ne karo na farko a tarihin sukuwar da anka ƙwace nasara saboda laifin da doki ya yi cikin fage. Masu dokin sun kai ƙara kotu, kotu ba ta ba su gaskiya ba.

Ƴan uwa, dokar tana da dalili. Doki mai gudu idan ya faɗi, na bayanshi a kanshi za su bi. Mahayi na iya karyewa, yana iya mutuwa. Tare hanya ba wayo ba ne, ganganci ne da ran mutum.

Na ce ma ɗana ya maido hoton har sau uku. Yana tsammani sha'awar dawakin nake yi. Ni kuwa kilin Illela nake gani. Su can sun nemi na'ura kafin su san gaskiya. Ni na gan ta da idona, na ji ta da kunnena, amma na laɓe bayan ƙura.

Kawu ya rasu, Allah shi jiƙan shi. Daren nan na ba ɗana labarin duka, ban rage komi ba. Na ce mashi: "In an kira ka shaida, faɗi abin da ka gani, ko da dokin gidanku ne."