Matar Da Ke Tono Taurari Daga Cikin Duhu

 Da yawa daga cikinku kun dame ni da tambayar ina littafi na uku ya maƙale, tunda na ɗaya da na biyu sun daɗe a hannunku, har wata baiwar Allah ta aiko mini cewa in dai mutuwa zan sa jarumar ta yi, to in faɗa mata tun yanzu ta huta. Ku yi haƙuri. Yau zan gaya muku abin da ya tsayar da ni, kuma ba ciwo ba ne, ba rashin kuɗin ɗab'i ba ne, wata tsohuwa ce can a Amurka wadda ba ta ma san ina duniya ba.

A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce ne ɗiyata Ummi ta dawo daga Zariya inda take karatun zane-zane. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa muke kiran ta da haka. Ran nan da daddare an ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida kowa ya ƙudundune saboda sanyi, sai ta miƙo mini wayarta ta ce, "Umma, dubi wannan ki gaya mini mene ne." Na duba na ga sama ce baƙa wuluk, taurari birjik, wasu manya wasu kamar ƙurar gari. Na ce hoto ne mana, irin wanda masu na'urar hangen nesa ke ɗauka. Ta yi dariya ta ce, "Wallahi Umma da hannu aka yi shi, kuma bugawa aka yi a kan takarda kamar yadda ake buga littattafanki."

Sunan matar Vija Celmins. An haife ta a birnin Riga na ƙasar Latbiya a 1938. Yaƙin duniya na biyu ya koro iyayenta a 1944 suka yi zaman gudun hijira a Jamus, daga nan a 1948 suka isa jihar Indiyana ta Amurka tana da kimanin shekara 10, ba ta jin Turanci. Daga baya ta zauna a Kalifoniya, a bakin teku, inda ta riƙa ɗaukar hoton ruwa tana zana shi da fensir, sannan ta koma New York. Abin mamaki shi ne, shekara da shekaru abubuwan da take zanawa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba: fuskar teku, ƙasar hamada da tsakuwarta, sararin sama da dare, sai kuma yanar gizo-gizo. Babu mutum a ciki, babu gida, babu ma inda sama ta haɗu da ƙasa. A 2002 babban gidan adana kayan fasaha na Metropolitan da ke New York ya baje kolin ayyukanta na ɗab'i su kaɗai.

Ni dai abin da ya kama ni shi ne yadda ake aikin, don na san madaba'a, na sha kwana biyu ina sintiri a kan a gyara mini shafi ɗaya. Ummi ta ce ɗaya daga cikin hanyoyin da matar ke bi ana ce da ita mezotin, wani Bajamushe mai suna Ludwig von Siegen ne ya ƙirƙiro ta a 1642. Za a sami fallen jan ƙarfe mai santsi, a ɗauko wani ƙarfe mai lanƙwasasshen baki da ƙananan haƙora, a yi ta jijjiga shi a kan fallen, a tsaye, a kwance, a karkace, har sai ko'ina ya yi kaushi. Wannan kaushin shi ke riƙe tawada, don haka in aka buga a wannan lokaci baƙi ƙirin kawai za a gani. To daga nan ne aikin zai fara. Duk inda ake son haske sai an kankare wurin an goge shi ya koma sumul yadda tawada ba za ta zauna ba. Kowane tauraro sai an bi shi shi kaɗai, wanda ake son ya yi haske sosai a goge shi sosai, wanda ake son ya dushe a taɓa shi kaɗan. Haka kuma tana sassaƙa katako, kamar masu yin hatimi, inda duk wurin da wuƙa ta ci shi ne zai fito fari. Da wannan hanya ta yi wani hoton teku a 1992, igiya bayan igiya, kuma in hannu ya kuɓuce ya yanke inda bai dace ba, katako ba ya mayar da abin da aka cire masa.

Ina cikin jinjina wannan ne Ummi ta ɗaga kai ta ce, "Umma, wai ina Kaza da 'Ya'yanta da kike sawa a littafi?" Na ɗaga kai ni ma. Na duba gabas, na duba yamma, na rasa. Kunya ta rufe ni, na fake da cewa hazo ne ya yi yawa.

Makaranta, littafi 14 na rubuta. Babu wanda a cikinsa ban ce dare ya tsala, taurari sun ƙawata sararin samaniya ba. Duk sanda saurayi zai yi tunanin budurwarsa sai na fito da shi tsakar gida na ɗora masa taurari a ka. Amma rabona da in tsaya in dubi sama da idona tun ina yarinya a ƙauyenmu, lokacin da Inna ke shimfiɗa mana tabarma ta nuna mana Zara kusa da wata, ta tashe mu da asuba ta ce ga Gamzaki can ya fito. Jimlar na gada daga littattafan da na karanta, na yi ta juya ta kamar tsohon zane, ban taɓa tambayar kaina ko gaskiya ce ba.

Kada in yi muku ƙarya, da farko haushin matar na ji. Na ce ai ita tana da masu sayen aikinta da tsada, tana iya shafe watanni a kan katako ɗaya. Ni kuwa ɗan kasuwa ne ke tsaye a kaina yana cewa in kawo rubutu cikin mako uku kafin makaranta su manta da na baya, ga kuɗin makarantar yara, ga cefane. Wanda ya ƙoshi shi ke zaɓen loma. Har yanzu ban janye wannan magana ba, don duk marubuciyar da ta ci abinci da biro ta san zafinta.

Sai dai Ummi ta ƙara gaya mini wani abu da ya kashe mini baki. Ashe matar ba sama take kallo tana zanawa ba, hotunan da aka riga aka ɗauka take ajiyewa a gabanta, irin waɗanda ke cikin littattafan ilimin taurari, waɗanda kowa zai iya samu. Ke nan ba wata sama ta daban aka buɗe mata ba, tsawon kallon ne ya bambanta. Har akwai wasu duwatsu 11 da ta tsinta, ta sa aka zuba kwatankwacinsu da tagulla, ta bi su da fenti ɗigo-ɗigo daga 1977 zuwa 1982, ta jera na gaske da na hannu wuri ɗaya, mai kallo ya rasa wane ne wane. Tsakuwar da ni zan taka in wuce.

Yanzu bari in zo kan littafi na uku. A cikinsa ne mahaifiyar jarumar za ta rasu, kuma na riga na rubuta babin cikin dare ɗaya: gari ya yi tsit, taurari sun dushe don baƙin ciki, kuka ya kaure. Da na sake karantawa bayan hirarmu da Ummi sai na ji kamar na ci amanar Inna, Allah ya jiƙanta. Domin ni na san daren da uwa ke rasuwa, ina wurin. Taurari ba su dushe ba. Na fito daga ɗakin don in kira kawuna, na tarar sama tar kamar kowane dare, akuya tana tari a bayan rumbu, fitilar ƙwai tana hayaƙi don ba wanda ya tuna ya rage lagwani, kuma tuwon da aka ajiye mata yana nan a rufe da faifai. Ban yi kuka ba sai washegari da na ga takalmanta a bakin ƙofa. Shekara da shekaru ina da wannan a cikina, amma ban taɓa sa ko ɗaya a littafi ba, saboda jimlar aro ta fi sauƙi, ba ta taɓa mini ciwo.

Na yaga babin. Yau wata na biyu ke nan ina kansa, wani lokaci shafi ɗaya a kwana uku. Ba na fara shi da ado yanzu, duhun nake fara shimfiɗawa yadda yake, sannan in bi a hankali in tono abin da na tabbata na gani: faifan, lagwanin, takalman. Ɗan kasuwar ya yi fushi, ya ce zai ba wata gurbina, na ce Allah ya ba shi sa'a. Ban sani ba ko za ku so babin in ya fito, mai yiwuwa wasunku su ce ya yi sanyi, babu suma babu faɗuwa. Sauran littafin ma da saurina na saba zan ƙarasa shi, don tukunya ba ta jira. Amma wannan babi ɗaya bashi ne, sai na biya shi daidai.

Kafin Ummi ta koma makaranta, wani dare hazo ya sauka, muka fito bayan isha'i muka yi ta nema har wuya ya ƙage. Can sai ga su saman kanmu, a cure wuri ɗaya, ƙanana ƙwarai, ba ma su kai hasken da nake ba su a littafi ba. Na ƙirga shida, Ummi ta rantse bakwai ta gani. Muka bar shi a haka, don idonta ya fi nawa ƙuruciya.

Ku ƙara mini haƙuri kaɗan, na uku yana tafe in Allah ya so.