Gubar Gona da Gubar Buhu

Gonarmu tana bayan garin Potiskum, kan hanyar Fika, kuma wake muka fi shukawa. Kowace damina mahaifina yakan yi feshi, ni kuwa ɗibar ruwa ce aikina. Wata rana na ce, "Baba, ina gubar nan take tafiya?" Ya ce ƙasa ce ke shanye ta.

Sai da na zo jami'a wani ɗalibin aikin gona da muke ɗaki ɗaya ya fahimtar da ni cewa ba shanyewa ba ce, cinyewa ce. A cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, wato bakteriya, su ne ke farfasa maganin su ci. Idan akwai danshi da taki, fiya-fiya ba ya wuce 'yan kwanaki. Amma DDT da Gamalin sukan yi shekaru.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne buhu. Baba yana zuba maganin nan cikin busasshen wake saboda ƙwari, inda babu danshin da halittun za su yi aiki. Ragowar irinsa ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Nijeriya a 2015.

Da na je hutu na kai masa buhu biyu masu leda biyu a ciki, waɗanda ke kashe ƙwari ba magani. Ya yarda ya gwada guda ɗaya.