Ɗan riƙo a ajinmu

A garuruwanmu, idan uwa da uba suka rasu, ba kasafai ake kai yaro gidan marayu ba. Kawu ko gwaggo ko kaka ke ɗaukarsa ya zama ɗan riƙo, ya ci abin da 'ya'yan gida suka ci, ya kwana inda suka kwana. Da yawa daga cikinmu a hannun dangi muka girma. Amma akwai marayun da dangi kan yi nauyin baki a kansu: waɗanda cutar ƙanjamau ta raba da iyayensu. Sai a watse daga zaman makoki kowa yana jiran wani ya ce a ba shi yaron.

Tsoro ne ke kawo haka, kuma tsoron ba shi da tushe. Ƙwayar HIV ba ta yaɗuwa ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko musabaha, ko cizon sauro. Hanyoyinta su ne jini, da saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri lokacin ciki ko haihuwa ko shayarwa. Ko ta wannan hanya ta ƙarshe ma, yawancin jarirai ba sa kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan uwa ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ne ke ɗauka. Idan tana sha, adadin kan sauka ƙasa da 5. Ke nan yawancin marayun nan lafiyarsu lau. Wanda yake ɗauke da ƙwayar kuwa, muddin yana shan maganinsa kullum, zai yi karatu, ya buga ƙwallo, ya girma kamar kowa.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar. Da yawansu iyaye ne, kuma 'ya'yansu suna zaune a azuzuwa irin namu.

Ƙasar Yuganda ta riga mu ganin wannan masifa. A shekarun 1980 cutar ta kwashe iyaye a yankin Rakai, aka bar kakanni da tarin jikoki. A 1987 wata ma'aikaciyar asibiti, Noerine Kaleeba, wadda cutar ta kashe mijinta, ta haɗu da wasu abokanta suka kafa ƙungiyar TASO. Sun riƙa bin gidaje suna duba marasa lafiya, suna ba iyalai shawara da ƙwarin gwiwa. Abin da muka fahimta daga aikinsu shi ne gidan da ya ɗauki nauyi shi ma yana buƙatar mai tallafa masa. Tsohuwar da ke riƙe da jikoki huɗu da cinikin ƙosai ba za ta iya kuɗin makaranta da yunifom da kuɗin motar asibiti ita kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, mu ɗalibai ina namu kason? Ba mu da kuɗi, amma rabin yinin ɗan riƙo a hannunmu yake. Mu ne za mu zauna benci ɗaya da shi, mu ci abinci tare lokacin tara. Ranar da ya tafi asibiti karɓar magani, mu ara masa littafi ya kwafi darasin da ya wuce shi. Idan ya amince ya gaya mana halin da yake ciki, mu riƙe amana, domin raɗa ɗaya ta isa ta sa yaro ya daina zuwa makaranta, ko ya daina shan magani don kada a gan shi. Idan muka lura an cire shi daga aji an ɗora masa talla, mu sanar da malamin ajinmu. Tun 2014 Nijeriya ke da dokar da ta haramta nuna wa masu HIV wariya, har a makarantu.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Kaka ta yi nata a gida. Daga ƙofar makaranta zuwa ƙararrawar tashi, riƙon namu ne.