Santimita huɗun da suka kayar da ni

Aikina koyarwa ne a makarantar horon malamai, amma kusan wata uku na kowace shekara bisa moto nake yin su. Idan aka tura ɗalibanmu gwajin koyarwa a makarantun karkara, mu ne ke bin su, mu zauna bayan aji mu ga yadda suke ba da darasi, mu ba su maki. Rabona ya fi faɗawa wajen Mayahi da ƙauyukan da ke arewa da Gulbin Kaba. Wanda ya san yankin ya san da zarar an bar babbar hanya sai yashi, sai sawun amalanke, sai kututturen sabara da aka sare aka bari tsakiyar hanya.

Motona 125 ne, irin na daji mai dogayen ƙafafu, na saye shi na hannu. Amortisa ɗaya gare shi a baya, abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira shokozoba. Bara, da damina ta wuce, sai ta fara yoyon mai. Bayan moton ya zauna, duk ramin da na faɗa sai na ji shi har cikin ƙugu. Canji ya zama dole, kuma wajen canjin ne na yi wauta.

Abin da ya ruɗe ni bidiyo ne. Na daɗe ina kallon masu yawon duniya bisa Yamaha Ténéré 700 a waya, moton da aka raɗa wa sunan hamadarmu. Sirdinsa ya kai santimita 87 da rabi daga ƙasa, tayar gaba tana da wurin motsi na santimita 21, ta baya 20, nauyinsa ya haura kilo 200. Na riƙa ganin tsayin nan shi ne sirrin tafiyarsa cikin rairayi. Ban tsaya na yi tunanin cewa shi tun daga masana'anta aka ƙera komai nasa daidai da wannan tsayi ba.

Da na je kasuwa, mai kaya ya fiddo mini iri biyu. Ɗaya daidai da tawa. Ɗayar kuwa an ciro ta daga wani moton da ya fi nawa girma, rasor ɗinta, wato ƙarfen nan mai murɗe-murɗe, kauri gare shi, kuma ta fi tawa tsawo da santimita ɗaya da rabi. Na ce a raina, santimita ɗaya da rabi ai ba komai ba ne. Na ƙara jikka bakwai bisa kuɗin waccan na ɗauke ta. Abin da ban sani ba shi ne, a moton da ke da amortisa ɗaya, tana kama ne kusa da gindin ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, ita kuwa tayar tana can ƙarshensa. Ƙaramin ƙari a wajen amortisa ninkuwa yake kafin ya kai ga taya. Da yaron gareji ya gama ɗaurawa, bayan motona ya tashi da santimita huɗu.

Ni kuwa ba dogo ba ne, mita ɗaya da santimita 66 gare ni. Da can ina dafa ƙasa da rabin tafin ƙafa. Yanzu sai da kan yatsu. Uwargida ta dube ni bakin ƙofa ta ce, "Malam, wannan raƙumi ne ko moto?" Na yi dariya, har na ɗan ji daɗin maganar.

Ranar wata Talata na ɗauki abokin aikina, dattijo ne da shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya. Ɗalibai uku ke jiran mu a wani ƙauye. Tun daga jar hanya na ji abin ba daidai ba: a wurin gargada bayan moton sai tsalle yake kamar jakin da aka ɗora wa sabon mangala. Da muka shiga yashi, kan moton ya fara lilo, tayar gaba tana nutsewa tana neman karkacewa. Muna cikin haka sai ga garken awaki ya ratso. Na taka birki, muka tsaya cak, na miƙa ƙafar hagu. Ashe daidai wurin sawun amalanke ne. Ƙafata ta laluba ba ta samu ƙasa ba. A tsaye muke, ba gudu ba komai, muka kife.

Ni ƙujewa kawai na yi. Shi kuwa dattijon ya tare ƙasa da hannu, wuyan hannunsa ya tsage, wata ɗaya da rabi yana ɗaure. Ɗaliban nan uku sun shirya darasinsu, sun jira har la'asar, ba su ga kowa ba, sai bayan mako uku aka sake tura musu wani. Da na je duba shi gida ina ba shi haƙuri, ya ce, "Ƙanena, ƙaddara ce." Na amsa da baki, amma zuciyata ta san da hannuna a cikin wannan ƙaddara.

Da zafin abin na nufi garejin wani tsohon makanike, na ce masa a sauke mini moton ƙasa sosai, ina son tafin ƙafata duka biyu su zauna daram. Mutumin ya yi ƙuruciyarsa a Agadas, zamanin da tseren Paris-Dakar ke ratsawa ta can, ya taɓa motocin Turawa da hannunsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mushe, jiya ka hau sama da ido, yau kana son ka sauka ƙasa da tsoro. Ina mitar awonka?"

Ya zayyana mini abin da zan biya idan aka sauke moton santimita biyar. Cikin injin zai matso kusa da ƙasa da wannan gwargwado, kututturen da nake tsallakewa da can shi zai daki ƙasan injin. Taya za ta iya dukan gardabu a rami mai zurfi. Dole a sauke gaba daidai da baya, in ba haka ba kan moton ya yi nauyin juyawa, fitila ta riƙa haska sama. Ƙafar da ake kafe moton da ita ma sai an rage mata tsawo, don kar ya tsaya a miƙe iska ta tura shi. Ya kuma bayyana mini abin da ya same ni cikin yashi: da na ɗaga baya kaɗai, nauyi ya koma bisa tayar gaba, ƙafafun gaba suka ƙara miƙewa tsaye, shi ya sa take noma yashi maimakon ta hau bisansa.

Daga nan muka yi awo, kuma wannan awon ne dalilin rubutun nan, don kowa na iya yin shi a gida da mita da mutum biyu. Aka ɗora moton bisa turmi har tayar baya ta bar ƙasa, aka auna daga ƙusar tsakiyar taya zuwa wata alama da ya yi da alli a jikin gardabu. Aka sauke shi, na hau da jakar takarduna da jarkar ruwa da kayan faci, duk abin da nake ɗauka ranar aiki, na ɗora ƙafafu bisa matakai, yaro ya riƙe kan moton, aka sake aunawa. Bambancin awon biyu shi ne nutsewar moton ƙarƙashin mai shi. Ya ce abin da ake nema kusan kashi ɗaya cikin uku ne na dukan wurin motsin tayar. Tawa tana da kamar santimita 18, ke nan ya kamata in nutse biyar da rabi zuwa shida. Da amortisar da na sayo, santimita biyu kacal na nutse.

Na ce, "Baba, ni da na ɗauka taurin shi ne ƙarfi." Ya ce taya ba sama kaɗai take tafiya ba. Idan ta iske rami, sai ta samu sararin miƙewa ƙasa ta bi shi. Rasor ɗin da ya fi ƙarfin nauyinka ba ya barin wannan sarari, sai tayar ta riƙa barin ƙasa, kuma tayar da ke sama ba ta da birki ba ta da riƙo. Ya nuna mini zoben da ke gindin rasor. Murɗa shi, in ji shi, yana ɗaga moton ko ya sauke shi kaɗan, amma ba ya mayar da rasor mai tauri ya yi laushi. Man da ke cikin amortisa kuma shi ke hana rasor ya yi ta tsalle bayan ya lotsa. In ka danna baya ka saki, ya dawo sau ɗaya ya tsaya, da sauran ranta. In ya yi ta lilo, ta mutu.

Muka mayar da amortisa mai tsawon ta asali, aka murɗa zoben har na nutse santimita biyar da rabi. Aka canja man ƙafafun gaba, aka gyara jan sarƙa, don shi ma yana canjawa da tsayin baya. Maganar gajartata kuwa, wurin mai ɗinkin kujeru ya tura ni. Aka yanke santimita biyu daga soson sirdi, aka rage masa faɗi a gaba, wurin da cinya ke sauka. Jikka biyu na biya, kuma cikin injin bai matso ƙasa ko kaɗan ba. Ya ƙara mini da dabara: in zan tsaya, in zame kaɗan gefe ɗaya in kafa ƙafa guda da kyau, ya fi in riƙa laluben ƙasa da yatsun ƙafa biyu. Ranar da zan ɗauki mutum kuma, in ƙara murɗa zoben, in mayar da shi in na dawo.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, darasin awo da mita yana cikin waɗanda nake duba ɗalibaina a kai. Nakan rage wa ɗalibi maki idan ya bar yara suka yi ƙiyasi da ido ba su tabbatar da awo ba. Ni kuma na ɗora dattijo bisa ƙiyasin ido.

Bana na koma ƙauyen nan. A wurin da muka faɗi na tsaya da gangan, na kafa ƙafar hagu cikin sawun amalanke, ta samu ƙasa. Abokin aikin nawa ya warke, sai dai ya ce hannun na yi masa tsami lokacin sanyi. Amortisar raƙumin tana nan rataye a zaure, an taya ta sau biyu na hana. Wanda ke son saye, ya fara zuwa da mitarsa.