Taga ma sai da sallama take tafiya

Kalmar taga ta daɗe a bakin Bahaushe, amma zuwan na'ura mai ƙwaƙwalwa ya ba ta sabon aiki. Abin da nake kira fenêtre a darasin Faransanci, shi nake kira taga a darasin Hausa: wannan fili mai kusurwa huɗu da kowane aiki ke buɗewa a fuskar kwamfuta. Masu bincike na kamfanin Xerox a Amurka ne suka raya dabarar cikin shekarun 1970, Macintosh ya yaɗa ta a 1984, Windows ya biyo baya a 1985.

Tambayoyi biyu masu tsara manhaja ke yi wa taga. Ta farko: ana ganin ta? A tsarin Windows akwai umarni mai suna IsWindowVisible, wanda zai amsa da e ko da wata taga ta lulluɓe ta gaba ɗaya. Ashe kasancewa a buɗe daban, ganuwa daban, kamar ɗalibin da ya amsa kiran suna alhali hankalinsa na kasuwar Matameye. Sai mai tsarawa ya ƙara bincike: an naɗe ta ne, ko wata ce ta tare ta? Amfanin wannan sani shi ne manhaja ta daina zana abin da ba mai kallo, ta rage cin batir. Mu da ke lissafin cajin na'ura kamar yadda ake lissafin hatsin rumbu, ba za mu raina wannan tsimi ba.

Ta biyu: yaya za ta tafi? Idan ka danna alamar rufewa, ba nan take tagar ke mutuwa ba. Saƙo ake aika wa manhajar cewa an nemi ta tashi, ita kuma tana da damar tambayar ka ko ka adana aikinka. Bayan haka tagar ta dushe a hankali ko ta tsuke, cikin abin da bai kai rabin daƙiƙa ba, sannan a kawar da ita. A 2001 Apple ya sa tagar da aka naɗe ta riƙa zurarewa ƙasa kamar aljanin da ke komawa cikin kwalba.

Wani zai ce ado ne kawai. Ni dai na ga ɗalibaina a Dawce, waɗanda ba kullum suke samun taɓa kwamfuta ba, suna zabura idan taga ta ɓace farat ɗaya, a zatonsu rubutunsu ya salwanta. Idan kuwa suka ga inda ta nufa, sai su bi ta su dawo da ita. Motsin nan bankwana ne, kuma mun san matsayin baƙon da ya tashi daga zaure ba sallama.

Saboda haka nake kira ga malamai ƴan'uwana da ƙungiyoyin raya al'adu, kada mu tsaya ga fassara sunayen maɓallai. Ganuwa, ɓuya, naɗewa, dushewa da sallama duk kalmominmu ne, kuma sun isa su bayyana yadda na'urar ke aiki. Yaron da aka koya wa haka da harshen uwarsa, gobe shi zai tsara tagar da wasu za su buɗe.