TITIN OTIGBA A IKEJA, INDA AKE JINYAR KYAMARAR DA TA ƊAUKE WUTA

Mutumin da ya shiga jirgin ƙasan nan na cikin birnin Ikko wanda aka buɗe a shekarar 2024, idan ya taso daga Agege inda Hausawa suka daɗe da zama har da sarkinsu, tashar da zai fara tsayawa ita ce Ikeja, hedkwatar Jihar Legas tun 1976. Da ya sauka, 'yar tafiya ce kaɗan a ƙasa zuwa gindin gada inda motocin danfo masu launin ruwan ɗorawa suke lodi, daga nan kuwa ya iso bakin kasuwar nan da ake kira Computer Village, watau Ƙauyen Kwamfuta.

Har zuwa cikin shekarun 1990 wurin nan unguwar zama ce, da gidaje da 'yan ofisoshi a titin Otigba da na Pepple da na Ola Ayeni. Masu sayar da kwamfuta suka riƙa kama ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, da wayar salula ta shigo Nijeriya cikin 2001 sai ciniki ya buɗe, har falo da ɗakin kwana da ƙarƙashin matakalar bene duk suka koma shaguna. Baƙo ba ya yin taku goma sai ɗan kamasho ya tare shi yana tambayarsa ko sayarwa ya zo ko saye ko gyara, ga rugugin janareta ta kowace kusurwa, ga masu tebur a ƙarƙashin laima sun cika hanya.

A cikin wannan cunkoso akwai waɗansu mutane da ba su da wuyar ganewa, domin sukan rungume baƙar jaka a ƙirji kamar mai ɗauke da jariri, ba su tsayawa taya komai. Masu hoto ke nan, kuma galibi abu guda ne ya kawo su: kyamara tana cikin aiki ta ɗauke wuta, aka kunna ta ƙi, aka sake kunnawa ta yi shiru. A Ikko ranar Asabar ita ce ranar bukukuwa, saboda haka wanda tasa ta mutu ran nan ya kan wayi garin Litinin da kuɗin mutane a wuyansa. Ɗaurin aure da raɗin suna ba a maimaita su domin mai hoto ya sami matsala.

Tsofaffin masu wannan sana'a suna tunawa da kyamarorin fim irin su Pentax K1000 da Nikon FM2, waɗanda ko batir ya mutu suna ɗaukar hoto, don batirin awon haske kaɗai yake yi. Amma tun daga wadda injiniya Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak cikin 1975, wadda ta kan ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto guda a kan kaset, kyamarar zamani da lantarki take numfashi. In ya yanke, to, ita da dutse duk ɗaya ne.

ƊAKIN MAI GYARA

Masu gyaran kyamara ba su da yawa kamar masu gyaran waya, sai an yi tambaya, wani lokaci kuma sai an hau bene ta wata siririyar matakala. Ɗakin ƙarami ne, da tebur da fitila mai haske, da gilashin ƙara girma, da ƙananan sukudirebobi, da abin narka dalma, da mitar awon lantarki. Gwanin gaske kuwa ana gane shi ne da cewa ba ya gaggawar kwance noti.

Da batir yake farawa. Batirin kyamara irin LP-E6 na Canon ƙwayoyi biyu ne a ciki, ƙarfinsa bolt 7.2, kuma yana da wani ɗan mai gadi da ke datse wuta idan ƙarfin ya yi ƙasa ainun ko kuma aka ja wutar da ta wuce kima. Batirin da ya tsufa, ko jabu, ya kan nuna a cike yake, amma da an nemi ya yi aiki mai nauyi sai ya zube nan take. Don haka mai gyara ya kan sa wani batir da ya amince da shi, ya goge bakin ƙarafan da batirin ke taɓawa, ya kuma gwada cajar, domin wutar janareta mai hawa da sauka ta kashe caja ba iyaka.

Daga nan sai ƙofofi. A kyamarorin Canon da yawa akwai wani ɗan makunni da bai fi ƙwayar gero ba a bakin ƙofar batir da ta kati, wanda idan ƙofar ba ta danne shi ba kyamara ba ta tashi sam. Ɗan haƙorin roba da ya karye a jikin murfi ya isa ya sa mutum ya ketare birnin Ikko da faɗuwar gaba. Sa'an nan ya cire katin hotuna da idon kyamarar ya sake gwadawa. Ramin tsohon kati na CompactFlash yana da allurai 50, idan aka tura katin da ƙarfi ko a karkace sai ɗaya ta lanƙwashe ta taɓa 'yar'uwarta, wuta ta haɗu, fis ya ƙone.

Sai waɗannan duka sun wanke kansu kana ya haɗa kyamarar da akwatin ba da wuta na kan teburinsa ya zuba wa mita ido. Idan ba ta ja wuta ko kaɗan, to, hanya ce ta yanke, watau fis ko makunni. Idan kuwa ta ja da yawa tun ba a kunna ta ba, wani abu ya haɗe a kan allon lantarkinta. A nan ne ake buɗe ta, kuma a nan ne ƙaramin sani yake zama ƙuƙumi, domin a kyamara mai fitilar walƙiya akwai wani ɗan gwangwani da ake kira kwandansa wanda ya kan riƙe wuta wajen bolt 300 ko da an cire batir. Mai gyara sai ya zubar da ita tukuna kafin ya kai yatsa.

ISKAR TEKU DA ƘURAR HUNTURU

Takardun da ke zuwa tare da yawancin kyamarori suna cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 0 zuwa 40 na zafi. Ƙasar nan kuwa ba ta san wannan sharaɗi ba. A Ikko iska tana ɗauke da danshi da gishirin teku, su ne ke sa tsatsa mai launin kore ta ci ƙarafan ciki a hankali har ranar da za su yanke. Mai hoto ya kan fito daga ɗakin taro mai sanyi zuwa cikin zafin waje, raɓa ta kwanta a cikin kyamara ba tare da ya gani ba. Wadda aka kawo daga Arewa kuma ciwonta daban ne: ƙurar hunturu da ke shiga ƙananan haƙoran da ke tura idon kyamara waje har ya cije ta kashe kanta, da zafin bazara da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, wanda ke sa ta ɗauke a tsakiyar ɗaukar bidiyo.

MAƘABARTAR KAN KANTA

Abin da zai fi jan hankalin baƙo a irin wannan ɗaki shi ne kantar da ke bayan mai gyara, inda matattun kyamarori suke jere, wata ba ido, wata ba murfi. Daga jikinsu ake ciro kayan da za a raya waɗansu. Dalili kuwa shi ne kasuwar duniya ta juya. Bisa lissafin ƙungiyar masu ƙera kyamara ta ƙasar Japan, an fitar da kyamarori fiye da miliyan 120 cikin 2010, amma cikin 2020 ba su kai miliyan 9 ba, saboda wayar hannu ta karɓe aikin. Daɗin daɗawa, kamfanoni suna daina yin kayan gyaran tsofaffin samfura, har ma cikin 2012 kamfanin Nikon ya daina sayar wa masu gyara masu zaman kansu kayan gyara a Amurka. Mai hoton Nijeriya kuwa sau da yawa ta hannu ya saya, irin wadda ake kira tokumbo, ba shi da takardar garanti balle wurin kai kuka.

Wannan shi ya sa cinikin titin Otigba ya rataya a kan amana. Mai kyamara ba shi da hanyar sanin ko fis ne aka sake masa ko kuwa allo gaba ɗaya, alhali kuɗin biyun sun yi nisa da juna kamar sama da ƙasa. Akwai masu tsoron Allah da za su gyara ƙofa su karɓi ɗan abin da ya dace, akwai kuma waɗanda za su ce babban allo ne ya ƙone. Saboda haka waɗanda suka san kasuwar ba su bin ɗan kamasho, sai wanda abokin sana'a ya nuna musu. Sukan zare katinsu kafin su miƙa kyamara, su rubuta lambarta a kan rasit, su daidaita a kan kuɗi kafin a kwance noti, su kuma nemi a damƙa musu abin da aka cire.

Rigakafin ma sananne ne. Batir na gaske ya fi jabu ko da ya fi tsada, tun da araha ba ta ado. Kyamarar da za a ajiye a cire mata batir a sa ta wuri busasshe. Wadda ruwa ya taɓa kuwa a zare batirinta nan da nan, kada a kunna ta don gwaji, domin gwajin shi ne ke ƙarasa ta. Wanda ya karɓi aikin biki kuma ya tanadi batir na biyu, in da hali da kyamara ta biyu, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Da Magariba ta gabato sai janaretoci su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, masu tebur su naɗe laimominsu, jama'a su kwarara zuwa gindin gada da tashar jirgi. Cikinsu akwai mai hoton da ya sauko daga bene yana kunna kyamararsa yana kashewa don ya tabbata, akwai kuma wanda ya fito da jaka wayam da rasit a aljihu, yana lissafin kwanakin da suka rage kafin Asabar. Allah ya haɗa kowa da mai gyara na gari.